Linux Mint a kan laftof na hannu, da inda nake ganin harkar Linux ta dosa

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta mutane ke ta tambaya wai yanzu ina mafita, to ni dai amsar da nake bayarwa ita ce Linux Mint, wani sistem na kyauta da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, kuma zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi inda ba zai yi maka ba dan kar wani ya je ya goge kwamfutarsa ya dawo yana da na sani.

Matsalar ta fi shafarmu fiye da yadda muke zato fa. Ka duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da malaman makaranta da masu shago a nan, yawanci na hannu ne irin su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da T470, duk waɗannan Core i5 ne ko i7 janareshon na shida ko na bakwai, shi kuwa Windows 11 a hukumance sai janareshon na takwas zuwa sama in Intel ne, ko Ryzen 2000 zuwa sama in AMD ne, sannan sai da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar. Kenan na'ura lafiyarta ƙalau, kibod garas, sikirin garas, amma an ce mata ta tsufa. Kamfanin bincike na Canalys ya taɓa ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗin zai iya mayarwa bola. Akwai tsarin da za ka biya dala 30 ko ka haɗa asusun Microsoft a ƙara maka shekara guda zuwa Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne kawai. Akwai kuma dabarar nan ta Rufus, manhajar zuba sistem a filash, da ake tsallake sharaɗin a cusa Windows 11 da ƙarfi, tana yi, sai dai ita Microsoft ɗin da bakinta ta ce ba ta ɗau alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura sabuntawa ba.

Shi Mint ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Clément Lefèbvre ne ya fara shi a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina shi, ita kuma Ubuntu ta kamfanin Canonical ce da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ta fara fita a 2004, ita ma a kan Debian take zaune, can ƙasa kuma akwai ƙwayar Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Wanda nake magana a kai shi ne jerin 22, na farkonsa ya fito a Yulin 2024 da suna Wilma a kan Ubuntu 24.04, sai 22.1 Xia a Janairun 2025, sai 22.2 Zara a Satumba 2025, kuma dukansu za su ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Kyauta ne, babu lambar lasisi, babu rubutun nan da ke fitowa a kusurwar sikirin yana ce maka ka biya, babu zancen a nemo maka kirak.

Na sa shi a kan laftof Core i5 janareshon na shida mai ram giga 8 da SSD, irin dai wanda kowa ke da shi. Fayil ɗin da za ka sauke ya kusa giga 3, dan haka ka nemi data ta dare ko ka karɓa a wajen wanda ya riga ya sauke, halal ne ka kwafa ka ba kowa, lasisinsa ma abun da yake so kenan. Ka sa shi a filash da Rufus ko Balena Etcher ko Ventoy, ka kunna na'urar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Abun da ya fi burge ni tun daga nan shi ne zai buɗe maka gaba ɗaya daga filash ɗin ba tare da ya taɓa faifan ajiyarka ba, ka gwada waifai, ka gwada sauti, ka gwada kyamara da bulutut da maɓallan ƙara haske, in komai na aiki sannan ka danna a girka. Dan Allah kar a tsallake wannan gwajin, nan ne za ka san ko na'urarka ta dace. Lokacin girkawa akwai ɗan akwati da zai tambaye ka ko a sa maka abubuwan kunna bidiyo da sauti, ka yi masa alama. Wasu Dell da HP ba za su nuna faifan ajiya ba sai ka shiga BIOS ka mayar da shi AHCI daga RAID, in kuma kana son barin Windows a gefe to ka kashe BitLocker, wato makullin faifai na Windows, tukunna, kuma ka kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani waje kafin komai.

In ya gama ya tashi, wanda ya saba da Windows 7 ko 10 ba zai ɓata ba. Maɓallin menu na ƙasa ta hagu, agogo da batir da waifai na ƙasa ta dama, foldoji suna nan yadda ka san su, danna dama na kwafa da liƙawa duk ɗaya. Sunan wannan fuskar Cinnamon, su 'yan Mint ɗin ne suke yin ta da kansu. Akwai wasu fuskokin, MATE da Xfce, ga na'ura mai rauni, kuma ni a ganina in ram ɗinka giga 4 ne ka ɗau Xfce kawai, duk da su sun rubuta cewa giga 2 ma zai tashi, tashi daban jin daɗi daban, saboda burauza ce ke cin ram ba shi ba. In na'urar 32 bit ce kuwa Mint ya daina yi musu tun fitowar 20.

Sauri kam akwai shi. A wajena in ya tashi ban buɗe komai ba ram ɗin da yake ci bai cika wuce giga ɗaya da 'yan kai ba, fanka ta yi shiru, babu wani abu da ke ta aiki a ɓoye yana cinye faifai ɗari bisa ɗari kana jira. Babu talla a cikin menu, babu wanda zai matsa maka sai ka buɗe asusu a intanet kafin ka shiga kwamfutarka, suna da kalmar sirri kawai ka shige. Batir kuwa gaskiya kusan ɗaya ne da Windows, a wasu na'urorin ma Windows ya ɗan fi shi riƙe caji, daga 22.1 sun sa zaɓin rage cin wuta a wajen alamar batir kuma yana taimakawa in an ɗauke wuta, amma kar wani ya ce maka Linux zai farfaɗo da mataccen batir.

Inda ya fi kwanta min a rai shi ne zancen data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya san yadda giga ke zafi, to Mint ba ya sauke komai a bayan idonka. Wata 'yar garkuwa ce za ta fito a ƙasa ta nuna maka akwai sabuntawa, ka buɗe ka ga jerinsu da nauyin kowanne, ka zaɓi na tsaro ka bar sauran sai ka samu data, kuma ba zai kashe maka na'ura kana tsakiyar aiki ba. Wanda ya taɓa jona laftof da hotspot na waya ya ga data ta ƙare cikin minti kaɗan bai buɗe komai ba ya san darajar wannan. Sai dai akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata a sani, a cikin shagon manhajojinsa akwai iri biyu, na sistem da kuma Flatpak da ake saukowa daga wani rumbu mai suna Flathub, shi Flatpak karon farko sai ya jawo wasu manyan kayan da yake dogara da su, ka ga ƙaramar manhaja tana neman ɗaruruwan mega, wani lokacin ma ta haura giga. Ka duba nauyin kafin ka danna, in akwai na sistem ka ɗauke shi ko da ya ɗan tsufa.

Sai bairos ɗin filash, wannan mai mayar da foldoji shotkot da ɗalibai ke kwasowa daga kafe da wajen firintin. An rubuta shi ne dan Windows, a Mint ba ya tashi, za ka ga fayilolinsa a fili ka goge su ka ciro takardun da ya ɓoye. Ban ce Linux ba a iya kutsa shi ba, duk wanda ya ba da kalmar sirrinsa a shafin bogi an gama da shi ko me yake amfani da shi, amma wannan ciwon kan na kullum dai ka rabu da shi. Akwai kuma Timeshift da ke ɗaukar hoton sistem ɗin lokaci lokaci, in wata sabuntawa ta ɓata wani abu sai ka koma jiya, ka kunna shi tun ranar farko, amma ka sani sistem yake ajiyewa ba takardunka ba.

Masu rubutu da Hausa ga naku, a cikin jerin kibod akwai Hausa ta Najeriya akwai ta Ghana, da su yake zuwa, ka ƙara kawai ka dinga buga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da kwafowa daga wani waje ba. Larabci ma haka, kuma a LibreOffice in ka kunna zaɓin rubutun dama zuwa hagu a saitin harsuna za ka haɗa aya da fassararta a shafi guda lafiya lau, ka sa rubutun Amiri ka ga yadda yake fita da kyau. Malaman islamiyya da masu shirya darasi wannan kaɗai ya isa su duba shi.

To yanzu inda yake ciwo, kuma zan daɗe a nan saboda masu son Linux sun cika saurin wucewa ta wajen. Babu Microsoft Office. LibreOffice ne yake zuwa da shi, yana buɗe docx da xlsx da pptx, yana kuma ajiyewa a haka, ga wasiƙa da jarabawa da lissafin shago ya wadatar, amma ɗalibin da ke rubuta furojet wanda sufabaiza zai buɗe a Word ya yi gyara ya dawo masa da shi, nan ne ake samun tebur ya goce, lambar shafi ta canja, abun da ke shafi na 40 ya koma 41. Rabin matsalar daga nau'in rubutu ne, in ka girka kunshin rubutun Microsoft da ke shagon ka samu Times New Roman da Arial, ka sa Carlito a madadin Calibri, abun na raguwa sosai, kuma OnlyOffice ya fi riƙe siffar docx a gwajina. In firintin kawai za ka kai to ka mayar da shi PDF ka huta. Amma mai aikin Excel mai nauyi da makro, ko ofishin da komai nasu a Access yake, gaskiya ka zauna a Windows.

Na biyu kuma shi ne babba a wajenmu, CorelDraw. Duk mai shagon buga katin biki da kalanda da fosta da bana a Kano ko Kaduna ko Zariya da shi yake cin abinci, kuma babu shi a Linux, babu Photoshop, babu Premiere, babu CapCut na kwamfuta, babu AutoCAD. Za a ce maka ai ga Inkscape madadin Corel ga GIMP madadin Photoshop, kuma da gaske suna da ƙarfi, GIMP 3.0 ma ya fito a Maris 2025 da gyare-gyare masu kyau, Inkscape na iya buɗe wasu fayilolin cdr, amma mutumin da hannunsa ya shekara goma a kan Corel, abokan aikinsa duk cdr suke turo masa, mai injin buga bana ma cdr yake karɓa, ba za ka ce masa ya sauya ranar Litinin ba. Masu haɗa bidiyo akwai Kdenlive da Shotcut, suna yi wa mai YouTube da mai wa'azi da mai ɗaukar biki daidai gwargwado, DaVinci Resolve ma yana da na Linux sai dai na kyautar ba ya karɓar nau'in bidiyo na H.264 wanda shi ne abun da wayoyinmu da kyamarorinmu ke ɗauka, sai ka juya fayil ɗin tukunna. Masu kafe da ke rijistar da ake ɗaukar zanen yatsa su ma su tsaya, manhajojin irin wannan aiki yawanci na Windows ne.

Firinta kuwa sa'a ce. Na HP yawanci kana jonawa zai gane, sababbin da ke aiki ta waifai ma haka, amma tsofaffin Canon irin LBP2900 da suka cika shagunanmu sai an sha fama da direbansu. Katin waifai na Intel ba ya ba da matsala, na Broadcom da wasu na Realtek kan buƙaci direba, ka jona wayarka da kebul ka ba shi intanet ta nan sannan ka buɗe manajan direbobi ya sauke. Mai katin Nvidia ma nan zai je. Ba kullum ake buƙatar baƙin allon nan na rubuta umarni ba, za ka iya wata da watanni ba ka buɗe shi ba, amma ranar da abu ya ƙi, amsar da za ka samu a intanet da Turanci take kuma umarni za a ce ka kwafa, wannan gaskiya ne kuma yana korar mutane.

Abun da ke aiki ba gardama: Firefox da Chrome, Zoom, Telegram, VLC, OBS, Audacity, VS Code, WhatsApp ta burauza, Canva da Google Docs ta burauza, shafukan banki da na makaranta. Mai koyon rubuta manhaja kuwa wallahi gida ya zo, Python na ciki, kuma sabobin da zai yi aiki a kansu gobe yawancinsu Linux ne.

Yanzu hasashe, nan da shekara biyu zuwa uku me nake gani. Na farko dai ban yarda da masu cewa Windows ya kusa mutuwa ba. Alƙaluman kamfanin ƙididdiga na StatCounter sun nuna Linux ya taɓa kashi 3 na kwamfutocin tebur a tsakiyar 2023, ya haye kashi 4 a farkon 2024, wannan ci gaba ne na gaske in ka tuna shekarun da ya yi yana maƙale a kashi 1 zuwa 2, amma su ziyarar shafuka suke ƙirgawa shi ya sa lambar ke hawa tana sauka. Ni ina ganin zai ci gaba da hawa a hankali, zai yi wuya ya kai kashi 10 a duniya cikin wannan ɗan lokacin. Zorin OS 18, wani nau'in Linux da aka saki a daidai ranar da tallafin Windows 10 ya ƙare, an sauke shi sau miliyan ɗaya cikin wata guda da 'yan kwanaki, sai dai saukewa daban zama a kai daban, da yawa za su gwada su koma.

Wanda ya fi kowa tura motar nan a 'yan shekarun nan kamfanin wasanni ne, Valve, mai shagon wasannin kwamfuta na Steam. A 2018 suka fito da Proton wanda ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, a 2022 suka fito da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu mai SteamOS da aka gina kan Arch Linux da fuskar KDE, miliyoyin mutane suka riƙe Linux a hannu ba su ma damu da sunansa ba, a Oktoba 2025 masu Linux a Steam suka haye kashi 3, a Nuwamba kuma suka sanar da sabuwar Steam Machine. Darasin da ke ciki a wajena shi ne mutane ba sa girka sistem, abun da suka tarar a cikin na'ura shi suke amfani da shi. Amma 'yan ƙwallo ku sani, sababbin wasannin FC na EA ba sa tashi saboda manhajar hana maguɗinsu, haka Fortnite da Valorant, kuma ban ga alamar wannan zai warware da wuri ba tunda shawarar kamfanonin ce ba gazawar Linux ba.

Ta cikin gida kuma babban sauyin da ke tafe shi ne Wayland, wato sabon tsarin da ke zana abun da kake gani a sikirin, wanda ke maye gurbin X11 da ake amfani da shi tun shekarun 1980. KDE Plasma 6 ya mayar da shi na farko a 2024, Ubuntu 25.10 ta cire zaɓin X11 daga fuskarta ta GNOME, Fedora, wani nau'in Linux ɗin, ma haka. Mint kuwa har yanzu X11 yake kai, Wayland ɗinsa na gwaji ne tun 21.3. Wasu na ganin wannan ci baya ne, kuma in kana da sikirin biyu masu kaifi daban daban ko kana son HDR to da gaskiyarsu, Fedora ko wani mai KDE zai fi maka. Amma ga mai EliteBook da ke son ya kunna ya yi aiki ya kashe, wannan jan ƙafar alheri ce, sun bar wasu su fara cin karo da matsalolin. Hasashena shi ne kafin tallafin jerin 22 ya ƙare a 2029 Mint ma zai koma Wayland, kuma yawancin masu amfani da shi ba za su lura ba, wanda haka ake so. Ina kuma ganin Flatpak zai ƙara mamaye harkar manhajoji, abun da zai sauƙaƙa wa masu yin su amma ya ƙara mana nauyin data, wannan yana damuna gaskiya, domin masu tsara abubuwan nan suna zaune ne inda intanet ba a auna shi da mega.

Gwamnatoci a Turai su ma sun motsa, kuma dalilinsu ba kuɗi kaɗai ba ne, ba sa son bayanansu da ayyukansu su rataya a wuyan kamfanonin Amurka. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice sannan Linux, jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu tun 2008 kuma suna kai har yau, makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun daɗe a kan Linux. Sai dai a tuna da birnin Munich, sun kwashe shekaru suna komawa Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Irin wannan aiki siyasa ke ɗaga shi siyasa ke kayar da shi. Amfanin da mu za mu samu a ciki shi ne duk gyaran da aka biya aka yi wa LibreOffice dan ma'aikatan Jamus, ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi zai same shi kyauta.

Abun da ke ban tsoro shi ne mutanen da ke riƙe da ginin ba su da yawa. Mint da gudummawar jama'a yake tafiya, duk wata suna wallafa abun da aka tara, ƙungiyar kuma ƙarama ce. A Maris 2024 an gano wata ƙofar baya da wani ya ɓoye a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, bayan ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne har wanda ke kula da ita shi kaɗai ya sakar masa, wani injiniya Andres Freund ne ya lura da ita kafin ta bazu. An tsira, kuma buɗaɗɗen tsarin ne ya sa aka gani, amma ya nuna yadda abu mai muhimmanci ke rataye a kan mutum guda da ya gaji. In masu amfani suka ninka, masu neman ɓarna ma za su ninka. Ta ɓangaren dogaro da Ubuntu kuwa 'yan Mint sun yi tanadi, suna da LMDE da ke zaune kai tsaye kan Debian ko da wata rana hanya ta raba su da Canonical, dama tun 2020 suka toshe Snap, tsarin girka manhajoji na Canonical.

Akwai kuma Google da ta tabbatar a 2025 cewa za ta haɗe ChromeOS da Android su zama abu guda a kwamfuta. Wannan zai iya zama shi ne Linux ɗin da zai fi shiga hannun mutanenmu, tunda Android ma ƙwayar Linux ce a cikinsa kuma kowa ya iya shi, sai dai wannan ba irin 'yancin da ake magana ba ne, kamfani guda ne ke riƙe da linzami.

A nan gida kuwa ga yadda nake ganin za ta kaya. Ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka za su ci gaba da zubar da na'urorin janareshon na shida da na bakwai, za su biyo kwantena su sauka Computer Village a Ikeja, su hauro Beirut Road a Kano da sauran kasuwanni, farashinsu zai fi na janareshon na takwas sauƙi sosai, kuma su talaka zai saya wa ɗansa mai shiga jami'a. Abun da za a sa musu a ciki ba Microsoft ce za ta yanke ba, ba kuma 'yan Linux na intanet ba, mai gyara ne da ke zaune da filash ɗinsa a shago. Yau abun da ke filash ɗin Windows 10 ne da Office da Corel masu kirak, gobe zai zama Windows 11 da aka cusa, saboda shi ya iya, shi kwastoma ya sani, kuma in an dawo da matsala ya san inda zai taɓa. Ban ga laifinsa ba, abincinsa ne. Shi ya sa nake ganin nan da shekara uku Linux a arewa zai yaɗu ne a tsakanin ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu koyon tsaron intanet da 'yan cibiyoyin fasaha, sauran jama'a kuwa sai in masu gyara sun shigo.

Kuma shigowar tasu ba wuya gare ta ba. Ventoy na ba ka damar zuba Windows da Mint a filash guda, in mutum ya kawo na'ura ka tambaye shi me yake yi da ita, in ya ce Corel ko Premiere ko rijista ka sa masa Windows, in ya ce karatu da kallo da intanet da rubuce-rubuce ka kunna masa Mint daga filash ya taɓa da hannunsa, ka sa masa rubutun Microsoft da OnlyOffice da VLC da Chrome, ka kunna Timeshift, ka nuna masa garkuwar sabuntawa da inda zai duba nauyin manhaja kafin ya sauke. Kuɗin aikinka na nan yadda yake, har ma ka samu na ƙara masa SSD da ram, dan na'urar da ke kan tsohon faifai mai juyawa ko Mint ka sa mata sai ta yi nauyi.